Guzurin Matashi Mai Doguwar Tafiya Ƙetare

Al'adar haɗa wa matafiyi guzuri ta daɗe a ƙasar Hausa, kuma ta kafu ne tun zamanin da tafiya ke cin watanni ko shekaru, lokacin da ayarin fatake ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, ko kuma maniyyata su bi ta Barno da Wadai da Darfur su nufi Makka a ƙasa, suna tafe suna yada zango suna sana'a domin su sami na ci gaba da tafiya. Guzuri shi ne abin da matafiyi ke riƙewa don biyan buƙatarsa a hanya, kuma mutanen wancan zamani sun zaɓi gumba da dakuwa da ƙuli-ƙuli da kilishi ne saboda sun san cewa yunwa ce babbar barazanar hanyarsu, su kuwa waɗannan abubuwa suna jure zafi, ba sa saurin lalacewa, kuma kaɗan daga cikinsu yana riƙe ciki. Hikimarsu ita ce auna kyauta da irin wahalar da ke jiran mai tafiya. Matashin da zai bar gida yau zuwa karatu ko aiki na shekara biyu ko huɗu a wata ƙasa zai sauka cikin yini ɗaya, kuma yunwar hanya ba ta cikin abin da zai dame shi. Abubuwan da ke jiransa su ne matsalar takardu, da faɗuwar darajar kuɗi, da rashin lafiya a inda babu mai jinya, da kaɗaici. Duk da haka, yawancin gidaje har yanzu guzurin ayari suke haɗa wa mai hawa jirgin sama, kuma a nan ne kyakkyawar niyya ke komawa nauyi, wani lokaci ma ta zama haɗari.

Masu irin wannan tafiya ba kaɗan ba ne. Shekaru da dama ke nan ɗaliban Arewa suna zuwa Jami'ar Azhar ta Alƙahira da Jami'ar Musulunci ta Madina, daga baya kuma hanya ta buɗe zuwa Indiya da Malesiya da Turkiyya da Sin da Ingila, kuma a 2023 gwamnatin Kano ta sanar da tura ɗalibai 1,001 karatun digiri na biyu a Indiya da Uganda, yayin da matasan Nijar suka fi nufar Maroko da Aljeriya da Faransa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da gwaggo da kawu da baffa da kaka, kowa kuma yana so a ce da hannunsa a cikin jakar. Jakar kuwa tana da iyaka, domin yawancin kamfanonin jiragen sama kilo 23 suke amincewa da shi a kowace babbar jaka, ta hannu kuma ba ta wuce kilo 7 ko 8, kuma abin da ya haura sai an biya shi da tsada ko a zube shi a filin jirgi. Wanda ya taɓa raka matafiyi ya ga yadda ake buɗe akwati a tsakiyar jama'a ana fitar da ƙulle-ƙullen leda ana miƙa wa 'yan rakiya, mai tafiyar yana gumi, yana rasa na wa zai ajiye kada a ji haushi.

Batun abinci shi ne ya fi kowanne buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan ne soyayyar iyaye mata ta fi bayyana, a nan ne kuma dokokin ƙasashe suka fi tsauri. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai sun haramta wa matafiyin da ya taso daga ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar shiga da nama ko abin da aka yi da madara, komai ƙanƙantarsa kuma komai bushewarsa, abin da ke nufin kilishi da dambun nama da soyayyen nama da man shanu duk ba su da hanya. Dalilin dokar shi ne tsoron cututtukan dabbobi, waɗanda ƙwayoyinsu kan iya rayuwa a cikin nama ko da an busar da shi. Amurka ma haka take, har dunƙulen miya mai ɗauke da sinadarin kaza ko na naman shanu jami'an kwastan kan ƙwace, kuma wanda bai bayyana abincin da ke jakarsa ba aka gano shi, tara ce za ta hau kansa tun ranar da ya sauka. Goro, wanda shi ne kan gaba a kyaututtukan Bahaushe, yana cikin abubuwan da hukumar alhazai ta Nijeriya ke gargaɗin maniyyata a kowace shekara kada su shiga da su Saudiyya. Abin da ya fi samun sauƙin wucewa shi ne busasshen kayan miya, irin su kuka da kuɓewa da daddawa da yaji da zoɓo, haka nan busasshen kifi da zuma 'yar kaɗan, waɗanda Ingila ta yarda da su bisa ƙayyadadden nauyi. Ko su ma akwai ladabin ɗaukarsu: a zuba kowanne a leda mai haske mai ƙarfi, a rufe bakinta da kyau, a rubuta sunan abin da Turanci a jiki, sannan a bayyana shi idan an tambaya. Koren gari ko farin gari a ƙulle cikin baƙar leda ba tare da suna ba yana jawo tambayoyin da yaro ɗan shekara 20 bai shirya amsa su ba. Kilo biyu na kayan miya da aka shirya haka ya fi kilo goma da za a zubar a kwandon shara na filin jirgi, musamman da yake manyan biranen duniya suna da shagunan kayan abincin Afirka inda ake samun gari da manja da shinkafa da wake.

Akwai wata al'ada da ta fi abinci haɗari, wato saƙo. Da an ji wani zai yi tafiya sai maƙwabta da abokan arziki su fara kawo ƙunshi a kai wa ɗansu ko ƙanwarsu da ke can, kuma kunya kan hana matashi ya buɗe ƙunshin babba ya ga abin da ke ciki, balle ya ce ba zai karɓa ba. Dokar kowace ƙasa kuwa mai jaka take tuhuma, kuma a Saudiyya da Singafo da Indunusiya da Sin hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yana kaiwa ga kisa. Mutanen Arewa ba su manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a watan Disambar 2018 ba, bayan an sami ƙwayar tiramadol a wata jaka da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba, wadda ta yi wata huɗu a tsare kafin bincike ya wanke ta aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Idan har wanda bai karɓi kayan kowa ba zai iya faɗawa wannan hali, to wanda ya karɓa da hannunsa bai duba ba ya fi kusa da shi. Saboda haka ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan da baffa ko kawu zai yi wa ɗansa ita ce ya tsaya a gabansa ya zama shi ne mai cewa a'a, ya sanar da dangi cewa duk saƙo ta hannunsa zai bi kuma sai an buɗe shi, domin abin da yaro ba zai iya faɗa wa manya ba, babba yana iya faɗa ba tare da an ga rashin kunyarsa ba. Wannan ƙa'ida ta shafi magani ma: tiramadol da kodin, da duk maganin da ke cikin jerin waɗanda ake sa wa ido, suna iya kai mutum kurkuku a Masar ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa idan babu takardar likita, kuma garin maganin gargajiya da babu bayanin abin da ya ƙunsa ya fi kyau a bar shi a gida.

Idan aka rage abinci aka tace saƙo, sai a sami wurin abin da ya fi su muhimmanci, wanda kuma ba ya da nauyi, wato takardu. Abubuwa biyu da suka faru cikin 'yan shekarun nan sun isa hujja. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Ukraine, dubban ɗaliban Afirka, cikinsu har da 'yan Nijeriya masu karatun likita a Kharkiv da Sumy, suka bar ɗakunansu da jakar baya kawai suka nufi iyakokin Poland da Romaniya da Hungary. Ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma yaƙi ya ɓarke a Khartum, inda ɗaliban Arewa masu yawa suke karatu a Jami'ar Afirka ta Duniya da wasu makarantu, aka kwashe su a motocin safa zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can kafin rukunin farko ya sauka Abuja a farkon watan Mayu. A duka wuraren biyu, wanda ya fita da fasfonsa da shaidar karatunsa da ɗan kuɗi a hannu ya fi wanda ya fita da sutura samun sauƙi, kuma da yawa daga waɗanda suka dawo sun sha wahalar neman gurbi a wata jami'a saboda ba su da takardar sakamakon darussan da suka riga suka ci. Ƙaramar jakar takardu mai hana ruwa shiga, wadda za a iya ratayawa a wuya ko a sa a ƙarƙashin riga, kyauta ce mai araha da ta dace da wannan darasi. A cikinta a sa kwafin shafin fasfo da na biza, da takardar shiga makaranta, da takardar haihuwa, da hotunan fasfo, da wata takarda da aka rubuta lambobin waya da hannu, domin wayar da ta ɓace ko ta mutu takan tafi da duk lambobin da ke cikinta. Ɗan'uwan da ya iya kwamfuta zai iya ɗaukar nauyin ajiye hoton kowace takarda a imel da kuma kwafi guda a gida, ya kuma riƙa tuna wa ɗalibin ya turo sakamakonsa a ƙarshen kowane zangon karatu. Haka nan ya kamata a sa shi ya yi rajista da ofishin jakadancin ƙasarsa da zarar ya sauka, saboda idan rikici ya tashi da wannan jerin sunaye ake fara neman mutane.

Kuɗi shi ne kyautar da kowa ya san amfaninta, sai dai yadda ake bayar da shi ne ke buƙatar gyara. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta yanke wa naira daraja, dalar da ake canzawa a hukumance a kan kimanin naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuma iyayen da suka yi lissafin kuɗin makaranta na shekara uku suka wayi gari abin da suka tanada bai kai na shekara ɗaya ba. A watan Mayun 2024 labari ya bazu cewa an dakatar da wasu ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila, har aka umarce su da barin ƙasar, saboda sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci. Mutanen Nijar sun tsira daga irin wannan girgiza saboda saifa a ɗaure take da yuro a kan farashi tsayayye, amma ɗan Nijeriya ba ya da wannan kariya. Abin da hankali zai ɗauka shi ne, maimakon mutum goma kowa ya sayo turmi ko takalmi, su haɗa kuɗin a canza shi zuwa dala ko kuɗin ƙasar da za a je tun kafin tafiya, a raba shi gida biyu. Kashi na farko na makonnin farko ne, lokacin da asusun banki bai buɗu ba, ga kuɗin ajiya na ɗaki, ga bargo da tukunya da katin mota. Kashi na biyu kuwa, ko da dala 200 ko 300 ne, na ranar tsautsayi ne kaɗai, a ba shi cikin ƙananan takardu sababbi masu tsabta, domin masu canji a ƙasashe da dama ba sa karɓar tsohuwar dala ko wadda ta yage, kuma a lokacin rikici bankuna da na'urorin cire kuɗi su ne suke fara tsayawa. Wanda zai ɗauki tsabar kuɗi mai yawa ya sani cewa abin da ya haura dala 10,000 a Nijeriya da Amurka, ko ya kai yuro 10,000 a Tarayyar Turai, ko fam 10,000 a Ingila, wajibi ne a bayyana shi ga kwastan.

Lafiya ma tana da nata guzurin, kuma mafi yawansa kafin a tashi ake yin sa. Katin shaidar rigakafin cutar shawara, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da ingancinsa na tsawon rai tun 2016, wajibi ne ga mai shiga ƙasashe irin su Indiya daga Nijeriya, kuma wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi na kwanaki. Mai neman bizar Ingila ta fiye da wata shida sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi. Dangin da ke neman abin da za su yi wa yaro suna iya biyan kuɗin waɗannan, su ƙara da kai shi wurin likitan haƙori da na ido, a yanko masa gilashi na biyu, saboda gyaran haƙori da yankan gilashi suna da tsada ƙwarai a Turai da Amurka kuma inshorar ɗalibai sau da yawa ba ta ɗaukar su. Mai ciwon sikila ko asma ko farfaɗiya yana buƙatar wasiƙar likita da Turanci mai bayanin ciwonsa da sunan maganinsa na asali, kuma mai sikila ya san cewa tsananin sanyi yana tayar da ciwon. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: zazzaɓin cizon sauro yana iya bayyana mako ɗaya zuwa huɗu bayan cizon, wato bayan yaro ya riga ya sauka a ƙasar da likitocinta ba su saba ganin cutar ba, don haka duk zazzaɓin da ya kama shi a watannin farko, ya faɗa wa likita daga inda ya zo ya nemi a gwada jininsa.

Sauran ƙananan kaya ba sa buƙatar dogon bayani. Adafta, wato abin da ke haɗa filogin wata ƙasa da soket ɗin wata, tana da amfani tun daren farko, domin filogi mai ƙafa uku na Nijeriya yana shiga soket ɗin Ingila da Saudiyya da Malesiya amma ba ya shiga na Masar da Turkiyya da Faransa, Amurka kuma wutarta bolt 120 ce, don haka dutsen guga ko tukunyar lantarki da aka saya a Kano ba za su yi aiki yadda ya kamata a can ba. Batirin ajiyar caji a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda da shi a babbar jaka ba. Ƙaramar buta mai naɗewa ta fi yadda ake zato daraja a ƙasashen da banɗakunansu babu ruwan tsarki, haka ma siririyar darduma marar nauyi, da Alƙur'ani ƙarami, ko Littafi Mai Tsarki ga wanda yake Kirista. Wanda ya tashi yana fuskantar gabas idan zai yi salla ya kamata a tuna masa cewa alƙibla a Indiya da Malesiya yamma take, a Landan kudu maso gabas, a New York kuma arewa maso gabas. Rigar sanyi gara a ba shi kuɗinta ya saya a can, domin wadda aka yi don hunturun Kano ba za ta tare ƙanƙarar Masko ba, kuma tana cinye rabin akwati. Abin da ya cancanci wuri a jaka daga ɓangaren sutura shi ne ɗinki ɗaya ko biyu masu kyau, kaftani da hula ko atamfa da mayafi, don ranar Sallah da ranar da ɗalibai ke nuna al'adun ƙasashensu, saboda tela mai irin wannan ɗinki yana da wuyar samu a can, kuma ranar Idi ce ranar da kewar gida ta fi tsanani.

Fataken dā ba sa shiga gari sai sun san maigidan da za su sauka a wurinsa a zango, wanda zai ba su masauki, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu idan rigima ta taso, kuma a kan wannan tsari ne unguwannin Hausawa na Kumasi da Akara da Sabon Ibadan suka ginu. Wannan ɓangare na tsohon guzuri shi ne ya fi cancanta a raya. Sunan mutum ɗaya amintacce a garin da yaro zai je, wanda aka riga aka yi magana da shi ya yarda zai tarbe shi a filin jirgi ya nuna masa masallaci da kasuwa da asibiti, ya fi duk abin da za a saya a kanti, kuma babba mai jama'a ne kaɗai ke iya bayar da irin wannan kyauta. A gida ma ana buƙatar wakili. Layin wayar Nijeriya yana haɗe da asusun banki da lambar shaidar ɗan ƙasa, ta kansa ne banki ke turo lambar sirri ta tabbatar da ciniki, kuma layin da aka yi wata shida ba a yi amfani da shi ba ana iya rufe shi, daga baya a sayar wa wani. Ƙane ko yayar da ta ɗauki alkawarin raya wannan layi, ko ta tabbatar an shirya shi yadda zai yi aiki a ƙetare, ta yi wa matafiyi hidimar da ba zai gane girmanta ba sai ranar da ya buƙaci taɓa kuɗinsa.

Kyauta ta ƙarshe ba a ranar tafiya ake ba da ita ba, a watannin da suka biyo baya ne. Matashin da ya tashi a gida mai cike da mutane, inda ba a cin abinci shi kaɗai, zai sami kansa a ɗaki ɗaya cikin garin da rana ke faɗuwa ƙarfe huɗu na yamma a lokacin sanyi, kuma da yawa suna ɓoye damuwarsu don kada a ce sun raina ni'ima. Tsayayyen lokacin kira a kowane mako yana rage wannan sosai, in dai an lura da bambancin agogo, domin Indiya tana gaban Nijeriya da awa huɗu da rabi, Malesiya da Sin da awa bakwai, kuma a Sin WhatsApp da Facebook ba sa aiki, sai dangi su koyi WeChat tun yaro yana gida. Amma kiran yana da sharaɗi, wato kada ya zama na roƙo. Ɗalibi a Ingila awa 20 kawai doka ta ba shi ya yi aiki a mako lokacin karatu, a Amurka ma awa 20 ne kuma a cikin harabar makaranta, kuma wanda ya ƙetare wannan iyaka yana iya rasa bizarsa gaba ɗaya. Yaron da ake kira ana tuna masa bikin wance da kuɗin makarantar wane da sabuwar wayar da za a aiko, ana tura shi ne ya karya dokar da zamansa ya dogara a kanta, ko ya bar karatun da ya kai shi. Dangin da suka haɗa masa guzuri su ƙara masa da wannan alkawari a gaban iyayensa: babu wanda zai nemi kuɗi ko saƙo daga wurinsa har sai ya kammala abin da ya je yi.